Daga Tukunyar Bilbil zuwa Ƙwayar Tiramol: Tarihin Kayan Maye a Garwa da Arewacin Kamaru

Gabatarwa

A shekarar 2013 mujallar kimiyyar sinadarai ta ƙasar Jamus, Angewandte Chemie, ta buga wani rahoto da ya ba masana mamaki. Wani ayarin masu bincike ƙarƙashin jagorancin Michel De Waard ya bayyana cewa ya gano tiramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru. Tiramadol kuwa magani ne na kashe ciwo wanda kamfanin Grünenthal ya harhaɗa a ɗakin gwaji a 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Babu wanda ya taɓa jin cewa wata bishiya tana yin sa da kanta. Da yake masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa saiwar tafashiya saboda zazzaɓi da ciwon jiki, sai aka ɗauka an gano sirrinta ke nan.

Shekara guda bayan haka sai wani ayari na Jami'ar Dortmund, wanda Michael Spiteller ya jagoranta tare da abokan aiki 'yan Kamaru, ya zo da wani bayani dabam. Sun sami maganin a cikin ƙasa, da ruwa, da saiwoyin wasu itatuwa da ba tafashiya ba, amma a arewa kawai. Samfuran da suka ɗebo daga kudancin ƙasar ba su ɗauke da shi. Da suka zanta da manoma, sai suka ji cewa mutane na shan ƙwayar domin jure aiki, suna kuma ɗura wa shanun huɗa, daga nan ta bi fitsari da kashi ta shiga ƙasa. Ayarin farko ya kare matsayinsa, amma a 2016 masanan Dortmund sun buga gwajin da ya auna irin sinadarin kabon da ke cikin maganin, ya kuma nuna cewa na masana'anta ne.

Wannan muƙala za ta bi sawun yadda aka kai ga haka. Abin da tarihin yankin ya nuna shi ne, kayan maye sun daɗe a arewacin Kamaru, amma a da suna cikin shingaye na addini, da lokaci, da shekaru, da idon jama'a. Kowane sabon abin maye da ya shigo cikin ƙarni guda da ya wuce ya karya ɗaya daga cikin waɗannan shingaye.

Garwa: Mahaɗar Al'ummu

Garwa tana bakin kogin Binuwai, a ƙasar da Fali da Bata suka riga kowa zama. A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa daular Fombina wadda ta zauna a Yola a 1841. A ƙarƙashin wannan daula ce Modibbo Haman Njundi ya kafa Garwa a matsayin garin Fulani. Fatake Hausawa da Barebari suka biyo baya da goro da tufafi da kanwa, har yau kuwa akwai unguwar da ake kira Hausare a garin.

Sai dai jihadin bai game ƙasar duka ba. Mafa da Kapsiki a duwatsun Mandara, da Tupuri da Masa da Mundang a filayen da ke wajen iyakar Chadi, da Fali a tsaunukan da ke kewaye da Garwa, yawancinsu sun riƙe addinan kakanninsu. Ta haka yankin ya zama yana da al'adu biyu game da abin sha. A garuruwan Musulmi giya haramun ce, abin kunya kuma. Abin da ake motsa baki da shi shi ne goro da taba. A ƙauyukan sauran al'ummu kuwa giyar dawa tana tsakiyar rayuwa. Har ta kai barin giya ya zama ɗaya daga cikin alamun da ake gane wanda ya musulunta da su.

Bilbil da Shingayenta

Giyar dawa da Hausawa ke kira burkutu ita ce bilbil a arewacin Kamaru. Yin ta aiki ne na kwanaki. Za a jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba mata abin da zai tashe ta. Idan ta nuna, kwana ɗaya ko biyu take yi ta lalace. Ba ta ajiyuwa, ba ta tafiya mai nisa, ƙarfinta kuma bai kusanci na barasa ba.

Masanin al'adu Walter van Beek, wanda ya yi shekaru yana nazarin Kapsiki, 'yan'uwan Higi na ƙasar Michika, ya bayyana cewa giyarsu iri biyu ce. Akwai ja wadda maza ke dafawa domin hadaya da aure da jana'iza, akwai kuma fara wadda mata ke dafawa su kai kasuwa. Ta farko tana da ƙa'idar wanda zai fara sha da wanda zai biyo baya, dattawa kuma su ke gaba. A wurin Mafa ma ba a bikin sa, wato maray, sai da giya. Haka nan manomin da ya kira gayya, wadda ake ce wa surga da Fulatanci, da tulunan bilbil yake sallamar waɗanda suka taya shi.

Ba a cewa wancan zamani babu mashaya, ko babu rigimar da giya ta haddasa. Amma shan yana da iyakoki huɗu. Ana sha a bainar jama'a, daga ƙwarya ɗaya. Ana sha gwargwadon abin da rumbu zai iya ɗauka, domin hatsin giya shi ne hatsin tuwo. Ana sha a ranar kasuwa ko ta biki. Yaro kuma ba ya miƙa hannu sai an ba shi.

Zamanin Turawa da Shigowar Arki

Jamusawa sun kafa mulkinsu a gaɓar tekun Kamaru a Yulin 1884, barasar da kamfanonin Hamburg irin su Woermann ke kawowa kuwa tana cikin manyan hajojin da suke musaya da manja da hauren giwa. Arewa ba ta sha wannan ambaliya kamar kudu ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili, kuma nisa da teku ya sa kwalba ta yi tsada. Sojojin Jamus ƙarƙashin Hans Dominik sun ci Garwa a 1901 bayan sun karya rundunar Lamiɗo Zubairu, sojojin Ingila da Faransa kuma suka ƙwace ta a Yunin 1915. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ƙara tsaurara dokar cinikin barasa a Afirka, sharuɗɗan riƙon amanar da aka ba Faransa a 1922 su ma sun wajabta mata sa ido a kansa.

Waɗannan dokoki sun tsare ƙofar da kwalba ke shigowa, amma ba su hana dabara shigowa ba. A cikin ƙarni na 20 fasahar tace barasa ta yaɗu a yankin. Ana dafa ruwan hatsi ko rogo da ya tashi a cikin tukunya ko gwangwani, tururin ya bi ta bututu, ya huce, ya ɗiga a kwalba. Ana kiran abin da ya fito arki, daga kalmar Larabci araƙ. Da arki shinge na farko ya faɗi. Ba ya lalacewa, ana iya ɓoye shi a ɗaki, ana iya shan sa kowace rana, mutum shi kaɗai, kuma ƙaramin kofi yana yin aikin ƙwarya da yawa. Hukuma ta haramta shi, sai ya koma bayan gida, inda babu mai auna ƙarfinsa ko tsabtarsa.

Auduga, Albashi da Kwalba

A wajen 1950 kamfanin Faransa na CFDT ya fara yaɗa noman auduga a arewa, a 1974 kuma Sodecoton ya gaje shi, da hedikwata a Garwa. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da aka haifa a 1924, shi ne shugaban ƙasa daga 1960 zuwa 1982, garin kuma ya sami rabonsa: masaƙa, da filin jirgin sama, da ofisoshin gwamnati, ban da tashar jiragen ruwa da ke aiki da damina a wancan lokaci. Kamfanin giya na Brasseries du Cameroun, wanda aka kafa a Duwala a 1948, shi ma ya gina masana'anta a garin. Daga shekarun 1970 shirye-shiryen gwamnati suka riƙa ɗebo manoma daga cunkoson Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, ginin madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982 ya ƙara janyo masunta da 'yan ƙwadago.

Wannan ya canza matsayin giya. Manomi ya fara karɓar kuɗin shekara a dunƙule ranar awon auduga, ma'aikaci kuma yana da albashi a ƙarshen wata. Bilbil ta bar ƙauye ta shigo unguwannin baƙi, ta zama sana'ar mata, musamman zawarawa da waɗanda mazansu ba su da aiki. Da ita suke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Masanin labarin ƙasa Christian Seignobos, wanda ya bi tarihin wannan sana'a a Marwa na tsawon shekaru, ya nuna irin nauyin da take ɗauka a tattalin arzikin talaka. Hukumomi sun sha hana dafa ta, musamman a shekarun fari domin tattalin hatsi, amma da an sassauta sai tukwane su koma kan murhu. Shingen rumbu ya faɗi a wannan zamani, domin mai sha ba hatsinsa yake dubawa ba, aljihunsa yake dubawa.

Matsin Tattalin Arziki da Barasar Leda

Daga 1986 farashin man fetur da koko da auduga ya faɗi, Kamaru ta shiga matsi mai tsawo. An zabge albashin ma'aikata a 1993, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Maganin da ake shigo da shi daga Turai ya yi tsada, asibitin gwamnati ya koma sai da kuɗi. Sai 'yan tallar magani suka cika kasuwanni da tashoshi, da faifai a ka ko akwati a bayan keke, yawancin hajarsu kuwa ta iyakar Nijeriya take shigowa. Matasan da suka rasa aiki suka rungumi acaɓa, wanda ake kira kilando a can, da sayar da fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake ce wa zuwa-zuwa.

A cikin wannan yanayi ne barasar leda ta yaɗu. 'Yar ƙaramar leda ce da ake sayarwa sefa 50 ko 100, mai ɗauke da barasa mai ƙarfin wiski. Ɗalibi zai iya saya da kuɗin tara, ya sa a aljihu, ya fasa da haƙori a bayan aji. Ana samun ta a teburin mai sayar da alawa da ashana. Da ita shingen shekaru ya faɗi. A ranar 12 ga Satumbar 2014 ministocin lafiya da masana'antu da ciniki suka fitar da dokar haɗin guiwa ta haramta ta, tare da ba kamfanoni wa'adin shekara biyu. An yi ta ƙara wa'adin bisa hujjar jarin da kamfanonin suka zuba da ayyukan da suke samarwa.

Ƙwayar da Ta Shigo da Sunan Magani

Duk waɗannan abubuwan sha suna da wari, kuma hukuncinsu a addini sananne ne. Saurayi Musulmi a Garwa da ya sha arki ba ya iya ɓoyewa a sahun salla. Tiramadol, wanda ake kira tiramol a titi, ya zo ba wari, a cikin katin magani, da sunan kashe ciwo. Mai shan sa ba ya ɗaukar kansa mashayi. Cewa yake ƙarfin aiki yake nema. Ta haka ƙwayar ta tsallake shingen addini da na kunya, ta shiga gidajen da kwalba ba ta taɓa shiga ba.

Su wa suka fi shan ta? Ɗan acaɓa da ke kan babur daga asuba zuwa dare, da lebura, da mai tura kura, da makiyayi, da manomin auduga a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Manomin da ya ga ƙwayar ta ɗauke masa gajiya sai ya jiƙa wa sansa ita domin ya ja garma har yamma. A Oktoban 2016 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buga dogon rahoto daga Garwa kan wannan annoba, har da yawan haɗarin babur da likitocin garin ke dangantawa da ita. A Arewa Mai Nisa kuma jami'an tsaro sun sha ba da rahoton samun ƙwayar a jikin mayaƙan Boko Haram.

Hanyar shigowarta sananniya ce. Masana'antun Indiya ke yin ta, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa irin su Legas da Kwatano da Lome, ta bi motoci zuwa arewa, ta ƙetara iyaka ta wajen Yola da Mubi da Banki. Ƙwayar da likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce miligiram 400 a yini. Ta titi kuwa akwai mai 120, da 200, da 225, har da 250. A Disambar 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗin cewa abin da ake kamawa a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa fiye da tan 3 a shekara tun daga 2013.

Abin da Suke Yi wa Jiki

Tiramadol yana aiki ta hanya biyu. Hanta tana juya shi zuwa wani sinadari ɗan'uwan mofin, shi ke kashe ciwo, shi ke kuma kama mutum. Ta ɗaya hanyar kuma yana ƙara wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa kuzari, shi ya sa mai shan sa ke jin ƙarfi maimakon barci. Idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, kuma tana iya kama mutum a kan babur ko a bakin ruwa. Jiki yana sabawa da shi da sauri. Wanda ya fara da ƙwaya ɗaya sai ya koma uku, idan ya rasa kuma sai ciwon gaɓoɓi, da gumi, da gudawa, da rashin barci, da ƙuncin rai. Haɗa shi da barasa ya fi komai haɗari, domin dukansu suna danne numfashi. Ban da haka, ciwo mai gargaɗi ne. Wanda ya kashe shi ya ci gaba da aiki yana ƙara wa rauninsa rauni ne bai sani ba.

Barasa kuwa illarta ta fi sauka a hanta, tana ƙanƙance ta a hankali har ta daina aiki. Wannan ya fi muni a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yawaita, kamar arewacin Kamaru, domin cutar da barasar gaɓa ɗaya suke ci. Barasar bayan gida tana da ƙarin haɗarin gurɓata da metanol, gubar da ke makantarwa ko kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A Nuwambar 2016 mutane fiye da 20 sun mutu a Yankin Gabas na Kamaru bayan shan odontol, takwaran arki na kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019.

Dokoki da Iyakarsu

Kamaru ba ta rasa dokoki ba. Ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1992, ta kuma yi dokar kula da kayan maye ta 7 ga Agustan 1997. Indiya ta sa tiramadol cikin jerin magungunan da ake tsaurara wa a Afrilun 2018, Nijeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na wannan shekara. Sai dai kasuwa ba ta tsaya ba. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda ake turo wa Afirka ta Yamma wata sabuwar ƙwaya mai haɗin tafentadol da karisofurodol, wadda ta cike gurbin da aka toshe, sai bayan nan Indiya ta hana yin ta.

Akwai kuma wani ƙulli. A 2018 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi ba da shawarar sa tiramadol ƙarƙashin takunkumin ƙasa da ƙasa, domin a ƙasashe matalauta shi ne kusan kaɗai maganin ciwo mai tsanani da ake samu. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Mai ciwon daji a asibitin Garwa da ɗan acaɓa a tasha, ƙwaya ɗaya suke nema. Dokar da ta rufe wa na biyu ƙofa ba tare da lura ba za ta bar na farko cikin azaba.

Kammalawa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Arki ya shigo ne ta tsagewar da dokar Turawa ta bari, kwalba ta shigo da kuɗin auduga, leda ta shigo da talaucin shekarun 1990, ƙwaya kuma ta shigo ta wahalar aiki da tsadar asibiti. A kowane zango hukuma ta fuskanci abin shan, ta fasa tukunya ko ta ƙona kwali, amma buƙatar da ta kai mutum gare shi tana nan.

Shingayen da suka faɗi ba za su tashi a siffarsu ta da ba. Waɗanda za su iya maye gurbinsu su ne asibitin da talaka zai iya biya kafin ya nufi ɗan talla, da wuraren jinyar masu shaye-shaye a cikin arewa, da limamai da fastoci da lamiɓe masu kiran ƙwaya da sunanta, da ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na manoman auduga masu sa wa 'ya'yansu ido. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon aikin likita, kuma abin da za ta yi nazari a kai yana bakin ƙofarta, a tashoshin babur da gonakin auduga, har da saiwar tafashiyar da mai magani ke tonowa.